Ranar da na ƙwace tablet ɗin ƴata

Shekarun baya, wata Laraba cikin sanyi, ƙarfe huɗu da rabi, muna tsakar gida a Gaya ta bakin kogin Kwara: ni, ƴata mai aji biyu a koleji, da mahaifiyarta. Lakwal, wato makarantarsu, ta ara wa ɗalibai tablet, mushensu, wato malaminsu, kuma ya ba su aiki: me ke cika kogin Kwara?

Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, karatuna bai wuce firamare ba, amma gidana da tsari. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Na ce ta karanto in ji.

Da farko ta karanto wani rubutu, ya ce ruwan damina na yankinmu ne. Sai ta buɗe na biyu, ya ce ruwa ne daga duwatsun ƙasar Gine, yana yin watanni a hanya kafin ya iso mu.

Na ce, "Wanne ne gaskiya?"

Ta ce, "Duka, Baba."

Na karɓe abin. Na ce duk mai magana biyu maƙaryaci ne, ko mutum ko na'ura, kuma jibi zan mai da wa darakta kayansa. Mahaifiyarta ta ce, "Malam, ranar Litinin fa za ta tsaya gaban aji." Na ce ta tsaya da littafi.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, yaushe rabonmu da ruwan sama?"

"Wata uku."

"To gobe in za ka haye gada, ka duba ƙasa."

Washegari layin duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ya tsai da mu kusa da gadar Malanville. Na sauka, na taka, na leƙa. Kogi cike, ruwan baƙi-baƙi, ba jan nan na damina ba, sama kuma ko gajimare babu. Tun ina karen mota nake haye gadar nan, idona na kan takardun kaya.

Da na dawo, na fara yin salla, na ci abinci, sannan na miƙa mata tablet ɗin. Ta ce, "Yaya kogin?" Na ce, "Yana gaishe ki. Karanto mini na Gine ɗin, a hankali."

Har yanzu ba na son magana biyu. Amma kogin nan sau biyu yake cika, kuma ba shawarata ya nema ba.

Iyaye, ina roƙonku: kafin ku ƙwace, ku sa yaro ya karanto muku duka, sannan ku je ku duba da idonku.