Jelar Ragon da Na Bayar

Shekarar da aka kai ni ɗakin miji, a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi, tun Nasara bai shigo ƙasar ba, surukata ta damƙa mini jelar ragon layya. Ta ce in sa mata gishiri in rataye saman murhu, hayaƙi ya busar da ita har ranar cika-ciki. Haka kowane gida ke yi. Goma ga watan farko na shekara a dafa jelar a miya, kowa ya ci tuwo har ya kasa tashi, don a shiga shekara da ƙoshi.

Mako uku bayan sallah maigidana ya ɗora wa jakuna auduga zai bi ayari zuwa Kano. Ina sonsa irin son da ke hana mutum tunani. Na duba guzurinsa, gari ne kawai da 'yar kuka. Sai na kwance jelar na cusa masa a jaka. Ya ce in mayar, na ƙi.

Ranar cika-ciki da hantsi, gari ya ɗauki ƙamshi, taubasai na bin gidaje suna tsokanar juna. Inna, wato surukata, ta leƙo ta ce in sauko da ajiyarta. Da wannan ajiya ake gane amaryar da za a bar wa riƙon gida. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya.

Ta dube ni. Maigidana ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ranar tafiyarsa ko zaure ba ta raka shi ba.

“Wancan ɗin, ya karɓa?”

Na ce sai da na matsa.

“Kano da nisa,” ta ce, tana kallon murhu.

Ta yafa zane ta shiga gidan taubashiyarta da ke maƙwabtaka da mu. Ta bayan danga nake jin taubashiyar na dariya, tana tambaya ko kwaɗayi ne ya sa muka cinye tamu tun wata bai kama ba. Inna ta ce ita ta bayar, kuma ba wanda za ta yi wa bayani.

Ta dawo da rabin jela a ƙoƙo ta miƙa mini.

“Ƙara daddawa, 'yar nan. Ke za ki yi miyar.”