Akwatin Bature da Kaset ɗin Inna Ƙaltume

Duk wanda ya zauna a Al-Azizya a shekarun nan ya san Bature mai kaset, ko yana so ko ba ya so, don Bature ba ya barin mutum ya wuce ƙofar shagonsa bai ji tarihinsa ba. A nan Madina aka haife shi. Mahaifinsa Bakatsine ne da ya zo hajji a ƙafa, ya zauna yana ɗebo wa alhazai ruwa har ya rasu. An ce jawur aka haifi yaron, shi ne kakarsa ta laƙaba masa Bature. Kafin a yaye shi ya koma baƙi kamar kowa, amma sunan ya zauna, jin kan ma ya zauna.

Babu sana'ar da bai taɓa ba. Ya ja taksi, ya daki bangon wani gida, ya ce birki ne. Ya sayar da dabino a kusa da Harami, ƙwari suka cinye, ya ce buhun ne. Ya yi gyaran agogo, agogunan mutane suka tsaya cak, ya ce zafin Madina ne. Tun da uwarsa ta haife shi, Bature bai taɓa yin kuskure ba. Kayan aiki ne kullum suke cin amanarsa, bawan Allah.

Abin da ya karɓe shi daga ƙarshe shi ne kaset. A wancan lokacin tsofaffinmu da ke da 'yan'uwa a Kano ko Damagaram ko Chadi ba sa rubuta wasiƙa. Tsohuwa za ta zauna gaban rakoda ta yi gaisuwa, ta faɗi wa ya haihu wa ya mutu, ta yi kukanta, a ba alhaji mai komawa gida kaset ɗin. Can su saurara, su toshe ramukan kaset ɗin da salatif, su ɗauki amsa a kansa, wani alhajin ya dawo da shi baɗi. Kaset ɗaya sai ya yi ta kai da kawo har ya tsufa. Bature ne mai ɗaukar na unguwarmu. Aikin duka bai wuce danna maɓalli biyu tare ba, ja na ɗauka da baƙi na kunnawa, amma in ka ga yadda yake naɗe hannun riga sai ka rantse tiyata zai yi. Yakan tsayar da tsohuwa a tsakiyar kuka ya ce, "La, la, Inna, sake daga farko, sautin bai yi tamam ba." A ƙarshen kowane saƙo kuma sai ya cusa tasa gaisuwar ga mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma tambaya ba.

Da katin waya ya yi araha, salula ta shiga hannun kowa, sai kasuwar ta mutu murus. Da wani ne, da ya koma gefe ya yi shiru. Ina! Bature ya sayi kwamfuta ta hannu biyu, ya sa aka rubuta Muhandis a saman sunansa, wato injiniya, ya shelanta cewa yanzu yana juye tsofaffin kaset zuwa faifan CD. Bai tsaya nan ba. Ya je Jidda ya dawo da wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman gwangwanin kifi, da maɓallin murɗawa ɗaya a gaba. Ana haɗa shi da kwamfuta ta wayar USB, ya karɓi sauti ya tace ya ƙara masa ƙarfi, ya tura cikin samma'a, abin nan da ake kifawa a kunne. Ya ajiye shi a kan kantar shagon, ya shimfiɗa masa ƙyalle, yana hana mutane taɓawa. Ko sau ɗaya bai kunna shi ba tukuna, amma unguwa duka ta ji cewa da shi ana jin numfashin sauro.

Ana cikin haka Inna Ƙaltume ta zo. Tsohuwa ce da ta shigo ƙasar nan tana yarinya, ta bar ƙanwarta Fatna a Chadi wajen dangi, ba su sake ganin juna ba. Kaset ɗaya ne tsakaninsu, shi ke zuwa shi ke komawa. Zuwansa na ƙarshe, alhajin da ya kawo shi ya haɗo da labarin cewa Fatna ta rasu bayan ta ɗauki saƙon. Inna Ƙaltume ba ta mayar da amsa ba. Ta naɗe shi a tsumma, duk Juma'a ta saurara, kuma ba hoto gare ta ba, ba komai, muryar nan ce kaɗai abin da ya rage mata na ƙanwarta a duniya. Kwanan baya rakodarta ta tauna gefen zaren, hankalinta ya tashi.

"Ɗan nan," in ji ta, "an ce kana sa murya a faifan da ba ya tsufa. Ka san ba ni da wani. In ya lalace, Fatna ta mutu sau biyu."

"Haba Inna, ni ne fa," in ji Bature. "Halas, ki ɗauka an gama. Da wannan akwatin za ki ji ta kamar tana zaune kusa da ke. Ke ce ma ta farko, na ba ki wannan girman."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa da ɗaya, yana kallon titi.

Da ta fita ya hau aiki. Ya jona waya daga ramin kunne na rakoda zuwa bayan kwamfuta. Wayar gajera ce, don haka ya tura rakodar ƙarƙashin kanta, inda sai dai ya miƙa hannu ya lalubo maɓallan. Kuma in an jona waya a ramin nan, lasifikar rakodar takan yi shiru, wannan kowa ya sani. Ya haɗa akwatin, ya kifa samma'a, ya gyara zama kamar matuƙin jirgi.

Kwamfuta ta fito da ɗan saƙo a ƙasa cewa ba ta gane wannan na'ura ba.

"Ba ki gane ta ba?" in ji Bature. "Ke wa ya gane ki?"

Ya ɗauko faifan da ya zo a kwalin, wanda ke ɗauke da ta'arif, wato ɗan shirin da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta. Ya saka, ya danna na'am a duk inda aka tambaye shi, bai karanta ko layi ɗaya ba, don karatu na masu koyo ne. Kwamfuta ta mutu ta tashi. Alamar tambaya mai ruwan ɗorawa ta fito kusa da sunan akwatin ta zauna daram. Ya ce wataƙila duk da haka zai yi, bari a gwada. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya danna.

To, a nan ne abin ya faru. Yatsun da suka shekara da shekaru suna danna ja da baƙi tare ba su san wani aiki ba. Suka danna su tare. Salatif ɗin da Fatna ta manna da hannunta yana nan a kan ramukan, don haka jan ya shiga lafiya lau. Kaset ya fara juyawa, ɗan makirifon rakodar ya buɗe kunne, Bature kuwa yana sama da samma'a a kai yana jiran murya, rakoda na shafe ta a ƙasa.

Shiru.

Ya murɗa maɓallin akwatin har ƙarshe. Shiru. Ya zare wayar USB ya hura mata iska ya mayar. Ya tsine wa wanda ya ƙera akwatin, da wanda ya sayar masa, da motar da ta kai shi Jidda. Ya tsayar da kaset, ya mayar da shi farko, ya sake dannawa, yatsu biyu. Da aka kira azahar ya ja ƙofar shago ya tafi masallaci, ya bar shi yana juyawa har ya kai ƙarshe ya yi ƙas shi kaɗai.

Jibril mai turare, maƙwabcinsa, ya leƙo bayan salla ya ga gumi na zuba.

"Muhandis, lafiya? Ko dai a yi mata fomat?"

"Kai dai sayar da miski," in ji Bature. "Mushkilar ta ta'arif ce, ba fanninka ba ne."

Bayan Jibril ya fita ya yi mata fomat ɗin. Ya goge kwamfutar tas, ya sake zuba komai, ya kwana ya wuni a kai. Ya je shagon intanet ya sauko da wani sabon ta'arif, ya ɗora a kan tsohon, biyun suka kama faɗa, kwamfuta ta yi shuɗin fuska ta ɗauke wuta. Wani lokaci akwatin ya bayyana, ya yi murna, kafin ya kifa samma'a ya ɓace. Ya sayi sabuwar waya. Ya ce wutar gidan ce, ya canza soket. Ya ce sanyin kandishan ne, ya kashe, ya zauna cikin zufa yana zagi da Hausa, in ta ƙare ya ci gaba da Larabci. Tsakanin kowane gwaji da na gaba, hannu ƙarƙashin kanta. Can sai dabara ta zo masa, irin dabarar Bature. "Ko dai wannan gefen ne babu komai? Tsofaffin nan ba su san gaba da baya ba." Ya juya kaset ɗin, ya yi wa ɗaya gefen abin da ya yi wa na farko.

Ga kaset na banza cike da kwali a bayansa, jama'a! Ko ɗaya bai ɗauko ya gwada da shi ba. Ga wayar da in ya zare ta daga rakoda zai ji da kunnensa ko ana magana ko ba a yi. Bai zare ba. A wurinsa laifin na akwati ne tun farko, to me zai kai shi duba hannunsa?

Abin da ya gyara akwatin kuwa ba wani ilmi ba ne. Tun farko a wani ɗan reshen USB mai baki huɗu ya jona shi, tare da linzamin kwamfuta da firinta, wutar ba ta isarsa. Rannan reshen ya faɗo ƙasa ya fashe, dole ya zagaya ya soka wayar kai tsaye a bayan kwamfuta. Ta yi ƙara ɗin-ɗin, alamar tambayar ta ɓace. Ya kifa samma'a, ya kunna wani karatu da ke cikin kwamfutar, sauti ya zubo garau. Ya miƙe ya yi kabbara. Ya leƙa ya gaya wa Jibril cewa ya gano matsalar da tunani.

Bai saurari kaset ɗin ba. Ya ce wannan sai an yi taro, mai abu ta fara ji da kunnenta a gaban shaidu, sannan a juye a faifai. Ya aika a kira Inna Ƙaltume bayan la'asar, ya kira Jibril, ya jawo rakodar ya ɗora a kan kujera iya tsawon wayarta. Ya mayar da kaset farko, ya kifa wa tsohuwa samma'a a kan lulluɓinta. Ya miƙa hannu zai danna, ta riƙe shi.

"Bari. Ni nake kunna ta kullum."

Ta yi bisimilla, ta danna da yatsa ɗaya.

Bature ya harɗe hannu yana kallon Jibril, yana jiran hawaye da albarka. Tsohuwa ta ɗan sunkuyar da kai, bakinta ya fara motsi, don ta haddace sallamar ƙanwarta, tana shirin amsawa. Sai bakin ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi. Ta ci gaba da saurare. Ta tura gaba, ta saurara. Ta sake turawa. Ta fitar da kaset ɗin ta juya da kanta.

"Yaya, Inna?" in ji Bature. "Kin ji tsabtar sauti?"

"Na ji," in ji ta. "Har tsakinka na ji."

Ta cire samma'ar ta miƙa masa. Ya kifa yana murmushi. Akwatin Jidda bai yi ƙarya ba, komai ya fito tar: ƙugin kandishan, ƙarar kujera, da wani ƙato yana huci yana cewa Allah ya tsine wa wanda ya ƙera ka, ya ibnil haram. Ya dubi maɓallin ja, ya dubi yatsunsa. Karo na farko a rayuwarsa ya ga laifi tsaye a gabansa babu inda zai ajiye shi, amma da ya buɗe baki, abin da ya saba ne ya fito.

"Inna, ai salatif ɗin nan, da kin cire shi tun..."

Jibril ya ce innalillahi, ya juya fuska.

Inna Ƙaltume ta dafa kantar shagon ta miƙe a hankali. Ba ta yi kuka a gabansa ba, bai kai ta yi masa wannan ba.

"Shekara da shekaru ina da maganar da zan gaya mata," in ji ta. "Na haɗiye, don kada in rufe muryarta da tawa. Ashe kai ne za ka mayar mata da amsa."

Ta gyara lulluɓi ta nufi ƙofa. Bature ya zaro kaset ɗin da sauri ya bi ta har bakin titi.

"Inna, kaset ɗinki!"

Ba ta waiwayo ba.

"Riƙe abinka, ɗan nan. Muryarka ce."