Kifin Roba

A zamanin mulkin farar hula, shekarar da aka fara bin layin shinkafa da madara, mijina ya dawo daga kasuwar Boɗinga da wani jan kifin roba mai laushi. In an matsa shi sai ya yi ƙara. Ɗanmu na fari yana fitar da haƙori lokacin, ya cafke shi ya kai baki, bai ƙara saki ba. Har yanzu in na lumshe ido bayan la'asar ina jin ƙamshin kifin nan, zaƙi-zaƙi, gauraye da warin albasar da muke shanyawa a tsakar gida a Mandera.

Malamar asibiti ta ce duk abin da jinjiri zai sa a baki a tafasa shi. Ni kuwa uwar bin doka! Kullum da safe sai in jefa kifin a tukunya. Yana juyawa, yana nitsewa yana tasowa, wani siririn maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Sai in shagala da kallo. Itace ya yi tsada, kananzir sai labari, wa zai zubar da tafasasshen ruwa? Da shi nake dama wa yaron koko. Surukata ta yi ta mita, wai kokon yana warin sabon takalmi. Na ce a raina, tsohuwar nan me ta sani a kan tsabta.

Yaron nan yanzu furfura ta fara fito masa. Ya daɗe da aure ba haihuwa, likita kuma ya ce daga gare shi ne. Bara na ji a rediyo wasu ƙasashe sun hana sa sinadarin da ke sa roba laushi a kayan wasan yara, wai zafi yana fito da shi, ana kuma zargin yana taɓa haihuwar maza. Zargi suka ce. Amma kwana uku tuwo bai wuce mini ba.

Da ya zo gaishe ni na faɗa masa komai, har maiƙon. Sai ya ce:

"Inna, mi kinka sani lokacin? Ke dai so kinka yi in rayu."

Ya tashi ya tafi masallaci. Ban gaya masa kifin yana nan a ƙasan adakata ba. Ya ƙeƙashe, ya yi tauri kamar ƙashi, laushin duk ya fita. Na kuwa san cikin wa ya shiga.