Sauka a Ataba

Har yau ban mance da wata Laraba ba, a watana na biyu ina ƙaramin tafinta a ofishinmu na unguwar Dokki, a birnin Alƙahira. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne muke tarbar marasa lafiya daga gida, mu raka su wurin likita, mu fassara abin da aka ce.

Ranar aka ba ni Alhaji Sule, dattijo daga Gusau mai ciwon ƙoda, wanda ya sauka a unguwar Abbasiyya. Likitansa yana kusa da tashar Jami'a a Giza, yana rufe karɓar suna ƙarfe ɗaya, kuma washegari zai yi tafiyar mako biyu. Titi ya cushe, don haka shugaban tafintoci, Ustaz Hamid, Bahaushen Sudan, ya ce mu bi metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya ce in mun kai tashar Ataba mu sauka, mu canza zuwa layi na biyu. Shi zai biyo bayanmu da sakamakon gwaji.

Da jirgi ya zo sai na ga an rubuta Jami'a a goshinsa. Na ce a raina, me zai sa in sauka daga jirgin da zai kai ni har inda za ni? Wani saurayi ya tashi ya ba Alhaji kujera. Muka wuce Ataba ina zaune daram.

Ashe jirgin zagaye yake yi. Ya haye Zamalik, ya nufi Kit Kat, ya ratsa Mohandessin, sannan ya karkato kudu. Ina duban agogo ina ƙirga tasha, gumi na keto mini. Alhaji dai carbinsa yake ja, bai san komai ba.

Ɗaya ta gota muka isa. A bakin ƙofa na tarar da Ustaz Hamid tsaye. Bayanmu ya taso, ya canza a Ataba, ya riga mu, har ya sa sunan Alhaji kafin a rufe.

Sai da likita ya gama da mu Ustaz Hamid ya ja ni gefe. Na fara ba da haƙuri, ya ce ma'alish, wato ba komai, sannan ya tambaye ni dalilin ƙin sauka. Na so in fake da ƙafar Alhaji da matakalar Ataba, amma na faɗi gaskiya: rubutun goshin jirgi na bi.

"Da ka ce don tsohon nan ka zauna, da na yaba maka," in ji shi. "Ni ma da na gan shi yanzu, ban tabbata zai iya turmutsutsun Ataba ba. Amma da sai ku fito da wuri. Kai ba zaɓa ka yi ba, ɗauke ka aka yi."

Tun daga ranar nake bin kowace hanya da ƙafata kafin in bi ta da mara lafiya. Mai ƙarfi nakan sauke shi a Ataba. Mai rauni kuwa mu yi sammako, in bar shi a kujerarsa mu sha zagaye. Mutumin da ya baro Gusau ya damƙa maka kansa bai san sunan tasha ko ɗaya ba. Kai ya sani.