Shekarar da Aka Banda Ni Kamar Kifin Tabki

Ni dai aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni, amma ilimin huhu, wannan a tsufa na same shi, kuma da wuya.

Shekarar da tari ya kafa mini zama a ƙirji, na je likitar Madarunfa, asibitinmu ke nan. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya saurari bayana ya ce huhuna ya tsufa ya bar ni. Ba ya warkewa, sai lallashi. Ya ba ni ɗan famfon shaƙa, ya ce in guji hayaƙi kowane iri.

Na dawo na faɗa wa tsohuwata, uwar ƴaƴana. Ta ce to. A wurinta hayaƙi shi ne na taba da na mota. Na magani kuwa ai magani ne. Tari kuma sanyi ne ke kawo shi, kowa ya sani. Sai ta shimfiɗa mini tabarma a gindin murhu.

Ga masu dubiya. A garinmu ba a zuwa gaida maras lafiya hannu sake, ba a kuma ƙin abin da aka kawo. Liman ya aiko da habbatussauda a barbaɗa a garwashi. Abokina na Safo, mai bin addinin kakanni, ya zo a amalanken jaki da saiwoyi. Kowa sai ya lulluɓe ni da bargo, ya tura kasko ciki, ya zauna yana jiran godiya. Ina tari kamar raina zai fita, suna murna wai ciwon ne ke fitowa. Gishiri kawai ya rage a kai ni kasuwa.

Da numfashi ya fara gagarata ko zuwa masallaci, aka maida ni likita. Majo ya sunsuni rigata, ya yi atishawa, ya ce:

“Baba, kai ka gane karatu. Gobe kawo mini ƴan gidanku.”

Na kwaso su, tsohuwa a gaba tana cika tana batsewa. Majo ya ba ta karan dawa siriri, ya ce ta toshe hanci ta ja iska ta cikinsa, ta zagaya tsakar gidan likita. Ba ta kai bakin ƙofa ba ta tofar, ido ya yi ja. Majo ya ce haka mijinta ke yini, kafin ma a ƙara masa hayaƙi. Muka kamo hanyar gida.

Washegari murhu ya koma bayan rumbu. Ran Juma'a yayanta ya iso daga Gabi da ƙunshin ganye, mutumin da ba ta taɓa ɗaga wa ido ba. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce:

“Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma a gidan nan an daina kunna shi.”

Ya waiwayo ko zan sa baki. Ni kuwa dariya ta kama ni, na yi ta har ƙarshenta, tari bai katse ni ba.