Hannun Rigar Malam Habu

Har gobe ban manta da Larabar da aikin Malam Habu ya ɓace daga allon kwamfuta ba. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina safiyo a wani ƙaramin ofishin aikin gona a Ƙaraye, awon fili da zanen taswira ke hannuna. Kafin nan na yi aiki a Damagaram da Garwa, na kuma yi kwas a ƙasar Holan. Saboda haka da aka kawo mana kwamfuta, guda ɗaya tak, ni kaɗai ne na taɓa zama gaban irinta.

Bari in bayyana yadda take, don ku na yanzu ba ku same ta ba. Abin da kake gani a allo ba shi ne iyakar wurin aikinka ba. Wurin aikin ya ninka allon sau huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, allon kuwa kamar taga ce da kake leƙen kashi ɗaya ta cikinta. In ka tura ɓera, abin nan da yara ke kira linzami yanzu, har kibiya ta dangana da bakin allo, sai tagar ta zame ta koma kashi na gaba. A kusurwar ƙasa akwai ɗan zane, bai wuce akwatin ashana ba, mai nuna kashi huɗun da abin da ke buɗe a kowanne. Wadda na koya a Holan ba haka take ba. Ita ɗakuna ne dabam dabam, sai ka danna da gangan kafin ka bar wannan ka shiga wancan. Tamu kuwa gona ce guda ba shinge, kana iya ƙetare iyaka ba ka sani ba.

Malam Habu shi ne akawunmu. Ya fi shekara ashirin yana buga tafireta, kuma ban ga mai tsabtar aikinsa ba, ko a ofisoshin Faransawa da suke taƙama da takarda. Amma shugabanmu, Injiniya Bala, matashi ne mai gaggawa, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in Malam Habu bai iya kwamfuta ba kafin rabon filayen noman rani, sito za a mai da shi, a kawo wani daga Kano. Ni na koya masa. Na nuna masa rubutu da gyara da adanawa, amma zancen kashi huɗun nan na bar shi, wai kada in rikita dattijo. Laifina ke nan.

Ran nan masu unguwanni suka zo daga Zoza da Gwangwan don a rubuta manoman da za a ba filin rani. Ba su zuwa da takarda. Mai unguwa zai zauna kan tabarma ya riƙa jero mutanensa da ka, wane ɗan wane, gonarsa gabas da kukar wane, in ya yi kuskure na kusa da shi ya gyara masa. Tun hantsi Malam Habu ke bugawa, har aka kusa azahar. Bai adana ko sau ɗaya ba, domin a tafireta sai ka kai ƙarshen shafi kake zare takarda, kuma haka hannunsa ya saba.

Ana cikin haka sai wani tsohon mai unguwa ya shigo a makare. Malam Habu ba ya gaida babba a zaune. Ya miƙe, ya tattara hannun babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar iyali da gajiyar hanya. Hannun rigar nan kuwa ya share ɓera zuwa dama. Da ya juyo, allo fayau, ba suna ko ɗaya.

Ni ina Rogo wajen awo. Na dawo a kan babur na tarar da masu unguwanni sun yi jugum, Malam Habu a tsaye gumi ya jiƙe masa hula, Injiniya kuma ya sunkuya yana laluben makunnin da ke bayan na'ura.

"Ranka ya daɗe, me za ka yi?" na ce.

"Kashe ta zan yi in kunna. Ai haka ake yi in ta rikice."

"Don Allah ɗaga hannunka. Malam, ka adana?"

Malam Habu ya girgiza kai. "Ban kai ƙarshe ba, Safiyo."

"To in aka kashe ta, a nan ne aikin zai tafi da gaske."

Injiniya ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ai ya riga ya tafi. Na faɗa tun farko, wannan ba aikin tsofaffi ba ne."

Tsohon mai unguwar ya gyara zama ya ce, "Yaro, mu ma tsofaffi ne, amma sunayen na nan a kanmu. In akwatin naku ya haɗiye, sai mu sake zubo masa. La'asar dai za ta yi mana a nan."

Na duba kusurwar allo. A cikin ɗan zanen nan, kashin hagu na sama, ga alamar takardar Malam Habu zaune lafiya lau. Da na so da na danna sau ɗaya magana ta ƙare. Amma na ga in ni na dawo da ita, gobe Malam Habu a sito zai kwana. Sai na ce, "Malam, zauna. In kana zaure, ka leƙa ta taga ba ka ga akuyarka ba, ta ɓata ke nan?"

"A'a, ta dai zaga bayan ɗaki."

"To dubi ɗan zanen nan. Gida ne mai sassa huɗu. Mu yanzu muna ina?"

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya nuna kashin dama da yatsa. Can sai ya nuna na hagu, ya ce a hankali, "Wancan ɗigon fa?"

 Ya kama ɓera, ya ja shi hagu, ya ja, har kibiya ta taɓa baki. Allo ya zame. Sunaye suka dawo reras, na ƙarshe rabinsa a rubuce, daidai inda gaisuwa ta katse shi.

"Allahu akbar! Akuya ta dawo!" in ji tsohon, ɗaki ya kwashe da dariya. Malam Habu bai yi dariya ba. Ya adana tukuna, sannan ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya dubi mai unguwar da ke jero masa sunaye ɗazu, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun tsaya a kan Sale ɗan Maikifi."

Injiniya bai ba shi haƙuri da baki ba, amma ba a sake zancen sito ba. Kafin shekara ta zagayo Malam Habu ya fi ni sanin kashi huɗun nan. Ya ba Ƙaraye ɗaya, Rogo ɗaya, wasiƙu ɗaya, na huɗu ya bar shi fanko. Na tambaye shi dalili, ya ce kowane gida yana son ɗakin baƙo.

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Kwamfutar ma ban san inda ta ƙare ba. Amma duk sa'ad da na ga jikokina suna share fuskar waya da yatsa, wannan shafi ya tafi wancan ya zo, ba ko gezau, sai in tuna gumin da ya jiƙe hular nan. Abin da na ɗauka daga ranar, wanda nake so ku riƙe, shi ne: in abu ya ɓace maka a aiki, kada hannunka ya riga idonka zuwa makunni. Kuma in za ka koya wa mutum aiki, koya masa duka. Ni na ɓoye wa Malam Habu kashi uku cikin huɗu don ina ganin tsufa ya rage masa, ashe tagar da nake leƙensa ce ƙarama.