Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Ana sallame sallar asuba muka bar Tambuwal, ni da wani ɗan'uwana da jaki ɗaya mai taurin kai. Hankalina ba a kwance yake ba. Tun bayan yaƙin Jamus Bature yake sake tsarin ƙauyuka, kuma ya ce tungarmu ta wajen Kebbe za ta koma ƙarƙashin maƙwabta, har da fadamarmu, sai in mun kawo asalin garin da sunan wanda ya sare shi. Kowa Mai Rijiya yake ce masa. Kakata ta wajen uba kaɗai ta san sunansa na yanka, ga ta kuma ba lafiya.

Hanya duk taɓo, rafuka sun cika. Jakin nan da ya ga ruwa sai ya kafe, mu roƙe shi, mu tura. Wajen Fulani muka sha fura da nono mai kauri, goro kuwa ya yi tsadar da sai dai kallo. Na ƙosa ƙwarai, duk wanda muka gamu da shi sai na tambaya ko an yi rasuwa a tunga.

Muka sami kakata zaune a tabarma, ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta faɗi yadda mutumin ya zo da shanunsa daji ba kowa, ya haƙa rijiya gindin marke, masaƙa suka biyo shi, aka yi ganuwa, yunwa ta watse garin, aka sake taruwa. Duk inda sunan ya zo, sai ta tsallake. Surukinta ne, uban mijinta, kuma mace ba ta faɗin wannan suna.

Na roƙa, na kawo zancen fadama, har raina ya ɓaci. Ta dube ni.

"Baba, tun da anka haife ka, ka taɓa jin na kira ka da sunanka?"

Ba ta taɓa ba. Ubana ya rasu ina goye, a dangin uwa na tashi, ba wanda ya taɓa gaya mini sunan wa na ci.

Mun dawo gida jakin yana sauri, ni ma haka. Da tafintan Bature ya tambayi sunan wanda ya kafa tunga, na ce Jibrilu. Ya ce ba sunana yake tambaya ba. Na ce ai shi ne, da shi na tafi Kebbe, da shi na dawo. Fadama dai tana hannunmu.